Daga gari zuwa dunƙule: yadda ake haɗa ƙarfen maganaɗisu mai taushi, mai ƙwayoyin nanomita

Duk wanda ya taɓa buɗe taransifoma ko na'urar da ke juya wutar sola ta zama wutar gida, irin waɗanda masu gyara ke kwancewa kullum a rumfunansu a nan Damagaram, ya ga wani ƙarfe da aka naɗe da wayar jan ƙarfe. Wannan ƙarfe shi ne zuciyar na'urar, kuma ana kiransa mai taushi ne ta fuskar maganaɗisu, ba ta fuskar guduma ba: yana karɓar maganaɗisu da sauri idan wuta ta bi ta wayar, ya kuma sake shi da sauri idan ta juya. A wutar gida mai hertz 50 juyin nan yana faruwa sau ɗari a daƙiƙa guda, kuma duk ɗan taurin kai da ƙarfen ya nuna a kowane juyi yana komawa zafi, wato asarar wutar da aka saya da kuɗi ko aka tara a batir da wahala.

A shekarar 1988 Yoshizawa da abokan aikinsa na kamfanin Hitachi Metals a Japan suka fito da haɗin da aka sa wa suna Finemet, wanda ƙwayoyin kiristal da ke cikinsa ba su wuce nanomita 10 zuwa 15 ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ba da jimawa ba Giselher Herzer na kamfanin Vacuumschmelze a Jamus ya bayyana dalilin taushinsa: muddin ƙwayoyin sun gaza kimanin nanomita 30 zuwa 40, fuskantar da kowace ƙwaya take so maganaɗisu ya bi tana narkewa cikin ta maƙwabtanta, sai taurin kan ƙarfen ya riƙa bin girman ƙwaya da aka ninka da kansa sau shida. Ma'anar haka ita ce idan ƙwaya ta ninka girmanta sau biyu, taurin kai zai iya ninkuwa sau 64. A riƙe wannan adadi, domin shi ne ke mulkin duk matakan da ke tafe.

Matsalar ita ce a asali ana samun wannan ƙarfe ne a siffar tsiri mai kaurin mikiron 20 ko kusa da haka (mikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), domin sai an zuba narkakken ƙarfe a kan wata ƙafar jan ƙarfe mai gudu, ya huce da saurin kimanin digiri miliyan a daƙiƙa, kafin ya daskare kamar gilashi ba tare da kiristal ba. Tsirin yana da kyau wajen naɗa zobe, amma bayan gashin da ke fito da ƙwayoyin kiristal a cikinsa yana karyewa kamar busasshen ganye, kuma ba a iya sassaƙa shi ya zama siffa mai kauri ko mai lungu irin wadda injin lantarki ke buƙata. Hanyar gari ta zo ne don cike wannan giɓi: a mayar da haɗin gari, a zuba shi a mazubi, a matse shi ya zama dunƙule. A nan ne kuma rikicin yake, domin zafin da ke manne tsabar gari da juna shi ne dai zafin da ke girmar da ƙwayoyin kiristal. Duk gwanintar aikin tana cikin samun dunƙule maras rami ba tare da an biya da girman ƙwaya ba.

Mataki na farko: a san aikin da dunƙulen zai yi

Ina ganin wannan shi ne matakin da ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali shi ke raba hanya biyu. Idan maganaɗisu yana juyawa cikin ƙarfe, yana tayar da wata wuta mai kewaye a cikin jikin ƙarfen kansa, kuma wannan wuta tana hana maganaɗisun shiga can ciki. A ɗauki dunƙule mai karɓuwar maganaɗisu 1000, wato mai karɓar maganaɗisu fiye da iska sau dubu, mai juriyar wuta irin ta Finemet, wato kimanin mikro-om-santimita 120. A hertz 50 maganaɗisu yana shiga zurfin kusan milimita biyu da rabi. A hertz 20,000 kuwa, inda na'urorin juya wutar sola suke aiki, zurfin bai kai kashi biyu cikin goma na milimita ba. Saboda haka wanda ke son ƙarfen wuta maras juyi ko mai juyi kaɗan, shi ke neman dunƙule wanda tsabarsa ta manne ƙarfe da ƙarfe. Wanda ke son zoben na'urar sola kuwa dole ya lulluɓe kowace tsaba da siririn rufi mai hana wuta wucewa, ya kuma yarda karɓuwar ta sauka zuwa 26, 60 ko 90, waɗanda su ne adadin da aka saba gani a irin waɗannan zobba.

Mataki na biyu: zaɓen haɗi da awo

Ga mai farawa, Finemet ya fi dacewa, domin an san halinsa ciki da waje. A lissafin atam, cikin kowane ɗari akwai ƙarfe 73.5, silikon 13.5, boron 9, niyobiyom 3 da jan ƙarfe 1. Sikeli kuwa nauyi yake aunawa, don haka sai an ninka kowane adadi da nauyin atam ɗinsa. Idan aka yi haka, gram 100 na haɗin zai ƙunshi ƙarfe gram 83.4, silikon 7.7, niyobiyom 5.7, boron 2.0 da jan ƙarfe 1.3 a takaice. Wanda ya auna gram 9 na boron saboda ya ga 9 a rubuce ya ɓata aikin tun kafin ya kunna inji.

Kowane sinadari da aikinsa. Boron da silikon suna taimaka wa ƙarfen daskarewa kamar gilashi. Jan ƙarfe ba ya narkewa cikin ƙarfe, don haka da an fara gashi sai ya taru ƙanana ƙanana a wurare masu ɗimbin yawa, kuma a gefen kowane taro ne ƙwayar kiristal ke tsirowa, kamar yadda gero da aka shuka da yawa a rami ɗaya ba ya samun filin yin kauri. Niyobiyom mai babban atam ne mai nauyin tafiya; ƙwayoyin suna ture shi zuwa bakin iyakarsu, ya tsaya can ya zama shinge. Yau Burazil ce ke samar da mafi yawansa a duniya, ko da yake a shekarun 1950 tsaunukan Jos, kudu da mu, su ne kan gaba wajen haƙo kolumbayit da ake ciro shi daga ciki. Iyakar ƙoshin maganaɗisu na Finemet, wato mafi yawan maganaɗisun da zai iya ɗauka, kimanin tesla 1.2 ne, ƙasa da tesla 2.15 na tsantsar ƙarfe amma sama da na ferayit, wani kayan maganaɗisu mai kama da tangaran, da ke tsayawa a kimanin rabin tesla. Akwai haɗin ƙarfe da zirkoniyom da boron da ake kira Nanoperm, mai kai tesla 1.5 zuwa 1.7, sai dai zirkoniyom yana shan iskar oksijin da tsananin kwaɗayi, kuma ban ba da shawarar a fara da shi ba.

Mataki na uku: samun garin

Hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce feshi, inda ake tarwatsa narkakken ƙarfe da iskar argon ko da ruwa mai matsi. Tsabar tana fitowa kewayayyiya, amma saurin hucewarta bai kai na tsiri ba, don haka ƙananan ne kawai suke zama gilashi sosai, sai a tankaɗe a ɗauki waɗanda suka gaza mikiron 40 ko 50. Wannan aikin masana'anta ne, saya ake yi.

Ta biyu, wadda na fi so ga ƙaramin ɗakin gwaji, ita ce niƙa tsiri. A sayi tsirin da bai riga ya sha gashi ba, a gasa shi awa ɗaya a digiri 400 zuwa 450 cikin argon don ya yi gautsi ba tare da kiristal ya fito ba, sannan a yayyanka shi a niƙa na ɗan lokaci. Amfanin wannan hanya shi ne sinadaran sun riga sun gauraya atam da atam tun a narke, kuma gajeren niƙa ba ya cusa datti da yawa.

Ta uku ita ce haɗa sinadaran ta hanyar niƙa, dabarar da John Benjamin ya ɓullo da ita a kamfanin Inco a ƙarshen shekarun 1960. Ana zuba garin sinadaran biyar cikin tulun ƙarfe tare da ƙwallaye, inji yana juya tulun, ƙwallayen suna daka garin, ya manne, ya karye, ya sake mannewa, har sinadaran su shige juna. Nauyin ƙwallaye ya ninka na gari sau 10 zuwa 20, kuma tulu da ƙwallaye su kasance na taurarren ƙarfe, domin abin da ya goge daga jikinsu ƙarfe ne ɗan uwan garin. Ana ƙara asid na sitiyarik kimanin kashi 1 cikin 100 don kada garin ya like a bango, amma a sani cewa yana barin kabon a ciki, don haka kada a wuce gona da iri. Niƙan yana ɗaukar awoyi masu yawa, sau da dama daga 20 zuwa sama da 50, kuma abin da yake bayarwa galibi ƙwayoyi ne na nanomita 10 ko kusa, masu cike da takura, wato matsin da duka ya bari a jikinsu, taurin kansu, da ake aunawa da ampiya a mita, ya kai ɗaruruwa ko dubbai, alhali na tsirin Finemet mai kyau bai kai ampiya ɗaya a mita ba. Wannan tazara tana da girma, kuma gashin baya ba ya rufe ta gaba ɗaya.

Yanayinmu yana da hannu a wannan mataki. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, tulun yana ɗaukar zafi da wuri, don haka a saita injin ya yi minti 15 ya huta minti 15, kuma a fi yin niƙa da dare. Ƙurar hunturu yashi ce, wato silikon da oksijin, kuma ko kaɗan ta shiga garin ta zama shinge tsakanin tsaba da tsaba, don haka ɗakin ya kasance a rufe. Bushewar iskar rani kuwa alheri ce gare mu, domin laima tana sa gari tsatsa. Damina, musamman Yuli da Agusta, ita ce lokacin da za a fi tsananta kula.

Mataki na huɗu: tsare gari daga iska

Zuba gari, rufe tulu, buɗe shi da cika mazubi duk a yi su cikin akwati mai safar hannu da aka cika da argon mai tsarkin kashi 99.999 cikin 100. Dalili shi ne fatar tsatsa da ke rufe tsaba, ko da kaurinta nanomita kaɗan ne, ba ta narkewa a zafin da za mu yi aiki da shi, sai ta tsaya a tsakani ta hana mannewa, ta kuma riƙe bangon yankunan maganaɗisu, wato iyakokin da ke motsawa a cikin ƙarfe idan maganaɗisu zai juya, ya kasa motsi. Akwai kuma haɗarin rai: garin ƙarfe da ya sha dogon niƙa yana iya kamawa da wuta da kansa idan aka buɗe tulu a sarari farat ɗaya. A bar tulun ya huce sarai, a buɗe shi cikin argon, a ajiye bokitin busasshen yashi kusa, kada kuma a kusanto da ruwa idan ya kama. Mai aikin ya rufe hanci da baki da abin tace iska na gaske, ba rawani ko ƙyalle ba.

Mataki na biyar: a auna zafin da garin ke juyawa

Kafin a matse komai, a ɗauki miligram kaɗan a sa a na'urar DSC, mai nuna zafin da abu ke fitarwa yayin da ake ɗumama shi. Garin gilashin Finemet yana nuna tudu biyu a zanen da na'urar ke fitarwa. Na farko yana farawa kaɗan sama da digiri 500, kuma shi ne fitowar ƙwayoyin ƙarfe da silikon da muke nema. Na biyu yana zuwa can sama da digiri 600, inda boron ke haɗuwa da ƙarfe su ba da kiristal mai tsananin taurin kai. Tsakanin tudun biyu shi ne filin aikinmu. Kada a dogara da adadin da aka gani a takarda, domin niƙa da datti suna matsar da tudun, kuma kowane gari da nasa.

Mataki na shida: matsewa

Maƙerin gargajiya idan zai haɗa ƙarfe biyu yana zuga wuta har su yi fari, sannan ya daka su a kan uwar maƙera. Haka ma masana'antar garin ƙarfe ta saba gasa kayanta a sama da digiri 1100. Mu kuwa an hana mu wannan zafi, domin a can ƙwayoyin za su kai mikiron, duk wahalar baya ta tafi a banza. Abin da aka rage mana a zafi sai mu biya shi da matsi da kuma gajeren lokaci.

Na'urar da ta fi shahara a wannan aiki ita ce SPS, wadda aka bunƙasa a Japan. Tana matse garin tsakanin sanduna biyu, tana kuma tura wuta mai ƙarfi ta cikin mazubin da garin, zafi ya hau da digiri 50 zuwa 100 a minti ɗaya. Mazubin girafayit da aka saba amfani da shi ba ya jure fiye da matsin kimanin megapaskal 100, wanda bai isa ba ga gari mai tauri irin wannan. Sai an koma mazubin tungistin kabayid, mai ɗaukar megapaskal 500 zuwa 800. Lissafin ƙarfin mai sauƙi ne: faifai mai faɗin milimita 10 a megapaskal 600 yana son kusan tan 5, mai faɗin milimita 20 kuwa kusan tan 19, domin matsi yana bin fili ne.

Tsarin da nake ba da shawara shi ne a zuƙe iskar ɗakin na'urar, a ɗora matsin tun garin yana da sanyi, a hau da zafi da sauri zuwa ɗan ƙasa da tudun farko ko bakinsa, a tsaya minti 5 zuwa 10, sannan a sauke. Dalilin tsayawa a nan shi ne ƙarfe mai zubin gilashi yana ɗan laushi dab da lokacin da zai juya kiristal, kuma a wannan ɗan taƙin ne tsabar ke iya lanƙwasa ta cike ramukan da ke tsakaninta. Da ƙwayoyin sun fito, garin ya taurare, matsi ya daina tasiri sosai. Finemet ba shi da yalwar wannan taƙi, shi ya sa masu bincike irin su Akihisa Inoue na jami'ar Tohoku suka himmatu kan haɗe-haɗen ƙarfe masu yawan boron waɗanda ke yin laushi kamar ƙaro na digiri gommai kafin su juya. Irin waɗannan sun fi sauƙin dunƙulewa, amma ƙoshin maganaɗisunsu yana raguwa gwargwadon yadda aka rage ƙarfe a ciki.

A lura da abu guda: ma'aunin zafi yana cikin bangon mazubi ne, garin da ke tsakiya kuma yana iya fin abin da yake nunawa da digiri gommai, balle wuraren da tsaba ke taɓa tsaba. Saboda haka a yi gwaji uku ko huɗu da tazarar digiri 20, a duba kowanne, kafin a tsayar da adadi. Kuma tun da yankewar wuta a tsakiyar matsi tana lalata samfurin, wani lokaci har da mazubin mai tsada, kada a fara sai da janareta a kunne.

Ga mai hanyar zoben sola, aikin ya fi sauƙi, kuma shi ne wanda nake ganin ɗakin gwaji a jami'ar André Salifou ta nan Damagaram ko wata makarantar fasaha zai iya somawa da shi ba tare da SPS ba. Ana jiƙa garin da ruwan asid na fosforik mai rauni cikin asetom don ya yi siririyar fata, a gauraya shi da ƙaron silikon kashi 1 zuwa 3 cikin 100, a busar, a matse a sanyi da megapaskal 1000 zuwa 2000. Zobe mai faɗin waje milimita 20 da na ciki 12 yana son kimanin tan 20 a megapaskal 1000, ƙarfin da injin matsi mai aiki da mai, irin na garejin manyan motoci, ke bayarwa, muddin mazubin na taurarren ƙarfe ne kuma an sa garkuwa tsakaninsa da mai aiki.

Mataki na bakwai: gashin ƙarshe

Dunƙulen da ya fito daga mazubi yana cike da takura, kuma gilashin ƙarfe yana da saurin jin takura, domin maganaɗisu yana miƙa shi da kimanin kashi 20 cikin miliyan. A gasa shi awa ɗaya a digiri 540 zuwa 550 cikin argon ko inda aka zuƙe iska. A nan ƙwayoyin ke fitowa su cika kimanin kashi 70 cikin 100 na jikin, sauran ya zauna gilashi a tsakaninsu. Ƙwayoyin suna ɗan tsukewa a maganaɗisu, gilashin yana miƙewa, sai biyun su kusa soke juna, miƙewar ta sauko zuwa kashi 2 cikin miliyan ko kusa. Wannan sokewa ita ce rabi na biyu na sirrin taushin Finemet. Idan zobe mai rufi ne, a tabbata rufin yana jure wannan zafi. Ƙaron silikon yana jurewa, ƙaron epoksi kuwa ƙonewa yake yi.

Mataki na takwas: awo da gyara

A fara da nauyi. A auna dunƙulen a iska, a sake auna shi a nutse cikin ruwa ko alkol bisa ƙa'idar Arkimidis, a kwatanta da gram 7.3 a kowane santimita kubik, wanda shi ne kimanin nauyin cikakken Finemet. Rami yana da illa fiye da yadda ido ke zato, domin kowane giɓi a hanyar maganaɗisu yana aiki kamar yanka a zobe: idan giɓin ya kai kashi 1 cikin 100 na tsawon hanyar, karɓuwar ba za ta wuce 100 ba ko da ta ƙarfen kansa ta kai dubu ɗari.

Daga nan a duba girman ƙwaya da hasken eksire, a lissafa shi daga faɗin tudun da ke fitowa a zanen eksiren bisa dabarar lissafi ta Scherrer, tare da tuna cewa takura ma tana faɗaɗa tudu, kuma fitilar kobal ta fi ta jan ƙarfe dacewa da samfurin ƙarfe. Sai awon maganaɗisu, wanda a zobe ya kamata a yi shi, domin sanda ko faifai suna da bakin da ke ɓata sakamako. A naɗa waya biyu a zoben, a tura wuta ta ɗaya, a karanta ɗayar da osiloskop, a zana madaukin maganaɗisu, wato zanen da faɗinsa ke nuna taurin kai, a juyin da na'urar za ta yi aiki da shi.

Sakamakon ukun tare suke nuna inda kuskure yake. Idan nauyi ya gaza kashi 95 cikin 100 kuma ƙwayoyi ƙanana ne, matsi ne bai isa ba, sai a ƙara shi ko a gauraya tsaba manya da ƙanana don ƙananan su cike tsakanin manyan. Idan nauyi ya cika amma eksire ya nuna ƙarin tudu na ƙarfe da boron, zafi ya wuce, sai a sauke shi da digiri 20 a sake. Idan kuwa nauyi ya cika, ƙwayoyi suna nanomita 15, amma taurin kai yana nan a ɗaruruwan ampiya a mita, to a karya samfurin a dubi karayar a madubin ƙara girma: in ta bi gefen tsaba tana barin su ɗai-ɗai kamar dambu, fatar tsatsa ce ta hana su mannewa, kuma gyaran yana can baya a mataki na huɗu, wajen tsarkin argon da rufin tulu.